Asibitin Talakawa da Ya Zama Masaukin Attajirai

A shekarar 1486 Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela suka ziyarci Santiyago, a arewa maso yammacin Sifaniya, birnin da Kiristoci ke yi wa tattaki daga sassan Turai domin ziyarar ibada. Da yawa daga cikin matafiyan nan kan iso a galabaice, ga ciwo ga talauci. Saboda haka a 1499 sarakunan suka ba da umarnin gina musu asibiti daura da babbar majami'ar garin.

Fiye da shekara ɗari huɗu gidan yana jinyar marasa lafiya da rainon jariran da aka yasar. A 1954 gwamnati ta mayar da shi otal na alfarma. Yau yana cikin jerin Paradores, masaukan gwamnati da aka fara buɗewa a 1928, waɗanda da dama daga cikinsu tsoffin fadoji ne da gidajen rahibai.

Ba ma musun amfanin hakan: kuɗin baƙi ne ke gyara rufi da katanga, tsohon ginin da aka bari kango kuwa rushewa yake yi. Sai dai wanda aka gina gidan dominsa ba ya iya biyan kuɗin kwana ɗaya a ciki. Abin da ya rage masa shi ne wata al'ada: kullum ana ciyar da masu ziyara goma kyauta.

Idan muka yaba da ceton gini, ya kamata mu tambayi inda aka kai amanar da aka gina shi a kanta.