Ra'ayin 'yancin kasuwa da rikicin man fetur a Sabha

Ra'ayin 'yancin kasuwa, wanda ake kira libatariyan, shi ne cewa gwamnati ta tsaya ga tsare rayuka da dukiya da tabbatar da cika alkawari, ta bar farashi a hannun mai saye da mai sayarwa. Daga cikin masanan da masu wannan ra'ayi ke kafa hujja da su akwai Friedrich Hayek, wanda ya sami kyautar Nobel a 1974, da Milton Friedman, wanda ya samu a 1976. A birnin Sabha, cibiyar yankin Fezzan a kudancin Libiya, inda 'yan ci-rani da yawa daga Nijar da Nijeriya ke zaune, ana ganin ƙarfin wannan ra'ayi da rauninsa a fili.

Tun zamanin Mu'ammar Gaddafi, wanda ya hau mulki a 1969, gwamnatin Libiya ke riƙe da ragamar tattalin arziki, tana rabon kuɗin mai ta hanyar albashi da tallafi. Shekara da shekaru farashin litar fetur a hukumance bai wuce dinari 0.15 ba, wato yana cikin mafi araha a duniya. Sai dai a Sabha sau da yawa gidajen mai a rufe suke, ko kuma layi ya yi tsawo, yayin da 'yan kasuwar bayan fage ke sayar da man a jarka da ninki-ba-ninki. Wani kaso na man yana bin hanyar Gatrun da Tummo zuwa arewacin Nijar, wani kuma zuwa Chadi.

Masu ra'ayin 'yancin kasuwa na cewa wannan ba abin mamaki ba ne. In aka karya farashin kaya da ƙarfin doka, kayan sai ya tafi inda ya fi daraja, riba kuma ta faɗa hannun mai takardar izini ko mai bindiga a shingen hanya. Shawararsu ita ce a cire tallafin, in ya zama dole a ba talaka kuɗi hannu da hannu.

Mazauna Fezzan da dama ba haka suke kallon lamarin ba. Filin mai na Sharara, kusa da Ubari, yana iya fitar da ganga kusan 300,000 a rana, don haka suna ɗaukar mai mai araha a matsayin haƙƙinsu. A Disamba 2018 da kuma Janairu 2024 masu zanga-zanga sun rufe filin, suna neman mai da ayyukan more rayuwa. Abin da suke nema shi ne gwamnati ta zo ta yi aikinta.

Akwai kuma batun tsaro. Bayan 2011 hukuma ta yi rauni ƙwarai a kudu, har a Afrilu 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure a Sabha kamar bayi. Inda babu kotu mai ƙarfi, ma'aikacin da aka danne wa lada ba shi da wurin kai ƙara. Hayek da Friedman su kansu sun yarda kasuwa ba ta tsayuwa sai da doka da kotu.

Lamarin bai tsaya a Libiya ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, farashi ya tashi wurin 'yan ruwa-ruwa na Maradi da Ƙonni, jama'a suka koma gidajen mai. Idan Libiya ta bi wannan hanya, direbobin Dirku da Agadas da masu haƙar zinariya a Jado na cikin waɗanda za su fara ji a aljihunsu.