Aikin hannu a lokacin jarrabawa: Abin da bincike ya nuna game da kwanciyar hankalin ɗalibai

Daga watan Afrilu zuwa Yuli na kowace shekara, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Najeriya kan fuskanci manyan jarrabawa uku a jere: ta JAMB, ta WAEC, sannan ta NECO. Sai ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako, ciki har da Turanci, ya kuma samu maki mai tsoka a JAMB, kafin ya yi tunanin jami'a. A 2025 kusan ɗalibai miliyan 1.9 ne suka zauna JAMB, kuma fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake jarrabawar a can. A ƙarshen Mayun shekarar kuma ɗalibai a jihohi da dama sun rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare, wasu da hasken tocila.

A irin wannan yanayi, abin da gidaje da yawa kan fara yi shi ne raba yaro da duk abin da ba littafi ba. A ɓoye allura da zare, a hana zane, a ce sai bayan jarrabawa. Niyyar mai kyau ce, amma shaidun da ake da su sun karkata ga cewa ɗan lokacin da ɗalibi ya ba aikin hannu ba asara ba ne.

Abin da fargaba ke yi wa mai karatu

Idan mutum ya shiga damuwa, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda kan saki sinadarin kotisol. Kaɗan daga cikinsa yana farkar da jiki. Idan ya daɗe yana yawa, sai ya dagula barci, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Ke nan ɗalibin da ya kwana a kan littafi da shayi da goro yana zuba ruwa ne a kwando. Fargaba kuma tana cinye gurbin da tunani ke buƙata don riƙe lissafi ko tsara amsa, shi ya sa ɗalibi kan manta abin da ya sani sarai da zarar an raba takarda.

Me masu bincike suka gano?

A 2016, Girija Kaimal da abokan aikinta a Jami'ar Drexel da ke Amurka sun ba mutum 39 kayan zane da yumɓu da takardu na tsawon minti 45, suka auna kotisol a yawunsu kafin a fara da bayan an gama. Ya ragu a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma gwaninta ba ta yi wani tasiri ba: wanda bai taɓa zane ba ya amfana kamar gwani. Sai dai mutum 39 ba su da yawa, kuma ba a kwatanta su da wani rukunin da ya zauna ya huta kawai ba.

Binciken da ya fi kusa da ɗalibai shi ne na Tamlin Conner ta Jami'ar Otago a ƙasar New Zealand. Matasa 658 suka riƙa rubuta yadda suka yini har kwana 13. An lura cewa wanda ya yi wani aikin ƙirƙira yau, kamar rubutu, girki, saƙa ko kiɗa, yakan wayi gari da ƙarin kuzari da walwala gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da rahoto a 2019, wanda Daisy Fancourt da Saoirse Finn suka haɗa daga wallafe-wallafe fiye da 900, inda aka ƙarƙare cewa ayyukan fasaha na da rawar takawa wajen kare lafiya da rage damuwa.

Akwai wanda ya kamata a yi taka-tsantsan da shi, domin ana yawan ambato shi. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock sun wallafa a mujallar Science cewa ɗaliban da suka rubuta fargabarsu na minti goma kafin jarrabawa sun fi samun maki. Da wasu masana suka maimaita gwajin, sakamakon da suka fitar a 2018 bai tabbatar da hakan ba. Saboda haka duk wanda ya ce aikin hannu zai ƙara wa yaro maki kai tsaye ya wuce gona da iri. Abin da shaidu suka fi goyon baya shi ne sauƙin zuciya, kuma duk waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashen waje aka yi su.

Wane aiki, kuma har tsawon yaushe?

Ɗalibi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ya buƙatar kayan tsada. Ɗinkin hula, saƙar kwarashi, saƙar faifai da kaba, zanen lalle, zayyana da tawada irin ta masu allo, tsara waƙa ko gajeren labari a bayan littafi, duk suna kusa da hannu, kuma da wuya a rasa wanda ya iya ɗaya a gida ko a maƙwabta. Ɗinki da saƙa suna da wata fa'ida ta musamman: hannu na maimaita motsi ɗaya, ido na ƙirga gida-gida, hankali ya samu abin riƙewa wanda ba shi da nauyi. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya shahara da bayanin wannan yanayi na nutsewa cikin aiki har mutum ya manta da kansa, kuma ya ce yakan samu ne idan aikin bai fi ƙarfin mai yi ba, bai kuma yi masa sauƙi ainun ba.

Daga nan sharuɗɗan suke fitowa. Lokacin jarrabawa ba lokacin koyon abu mai wuya ba ne. Hular da ta gagara ɗinkuwa wata damuwar ce ta daban. Bai kamata kuma a mayar da aikin gasa ko kasuwanci a wannan tsakani ba. Yarinyar da ta karɓi aikin lallen biki ana gobe takardar Lissafi ba hutawa take yi ba. Minti 20 zuwa 45 bayan la'asar, da lokacin farawa da na tashi, ya wadatar.

Kallon bidiyon saƙa a TikTok kuwa ba saƙa ba ce. Waya ba ta da inda take ƙarewa, ita kuwa hula tana da layin da idan an kai shi za a iya soke allura a ajiye.

Iyaye suna da uzuri idan suka yi zargi, domin akwai ɗalibin da ke fakewa da zane don ya guje wa darasin da yake tsoro. Alamar a bayyane take: mai hutawa yana komawa kan littafi idan lokaci ya cika, mai gudu kuwa kullum sai ya nemi ƙari.

Inda aikin hannu ba ya isa

Rashin barci na makonni, ƙin abinci, yawan kuka, faɗuwar gaba mai hana numfashi, shan ƙwayoyi irin su tiramol don a iya karatu, ko furta cewa gara mutuwa da faɗuwa, duk sun fi ƙarfin allura da zare. Wannan aikin likita ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin mai irin wannan lalura na samun kulawa ba tare da tsangwama ba. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, ɗaliban jami'a kuma za su iya farawa daga asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara.