Dodon Sua da Sassaƙa a Tarihin Al'ummar Mambila

1.0 Gabatarwa

Al'ummar Mambila na zaune ne a kan tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, wasu kuma a tsallaken iyaka cikin Kamaru. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ce ta sanya tsaunin cikin Nijeriya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba za a fahimci sassaƙarsu ba sai an fahimci kalmar "sua".

2.0 Ma'anar Sua

A harshen Mambila, "sua", ko "suaga" a wasu karuruwan, tana nufin fitowar dodo, tana kuma nufin rantsuwar da ake yi domin sasanta husuma ko kariya daga maita. Ke nan dodon yana da hannu a shari'ar gari.

Kan dodon na itace ne da aka rarake, ana kifa shi a ka tamkar kwalkwali, sa'annan a rufe jiki da rigar zare. Wani kan yi kama da kare mai buɗaɗɗen baki da ƙahoni, wani kuma da hankaka. Launukansa ja da fari da baƙi ne. Bisa al'ada an hana mata ganin dodon maza, amma su ma suna da tasu sua.

3.0 Mutum-mutumi

Masassaƙa kan yi "tadep" da itace mai taushi, "kike" kuwa da ɓargon gwangwala. Ana adana su a ɗan ɗaki mai kama da rumbu. Da yake irin waɗannan kayan ba su jure wa gara da damina, akan sabunta su idan sun lalace.

A ƙarni na 20, 'yan mishan irin su Paul Gebauer da Gilbert Schneider sun tattara da dama daga cikinsu, suka ƙare a gidajen tarihi na Amurka, inda aka yawaita kiran su gumakan kakanni. A 1994 David Zeitlyn, wanda ya yi bincike a Somié ta Kamaru, ya yi jayayya da wannan suna, ya fi danganta su da sua da warkarwa.

4.0 Kammalawa

Yaɗuwar Musulunci da Kiristanci ta rage wannan sassaƙa. Kayan suna nan a ajiye a ƙetare, amma kalmomin da ke bayyana aikinsu suna bakin dattawa. Tattara su daga kari zuwa kari aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe.