Ma'aunin guba da ya fara da kashe rabin ɓeraye

Wani manomin shinkafa daga Bakura, cikin masu noman rani da ruwan madatsar Bakolori, ya aiko da tambaya: wa ya yanke cewa wannan galan na maganin feshi a yi masa jan layi a gindi, wancan ɗorawa, wani shuɗi, wani kore? Amsar tana komawa ga wani masani Bature da ba a cika jin sunansa ba, John William Trevan, da takardar da ya wallafa a Ingila a 1927.

Trevan yana aiki ne a ɗakunan binciken kamfanin magunguna na Wellcome. Matsalarsa ita ce magungunan da ake tatsowa daga ganye ko jikin dabba, irin su dijitalis na ciwon zuciya da insulin na ciwon sukari. Haɗin yau ba ya zuwa da ƙarfin haɗin jiya, kuma tsakanin abin da zai warkar da abin da zai kashe tazara kaɗan ce. Kafin shi, ana neman mafi ƙarancin adadin da zai kashe dabba ɗaya. Trevan ya nuna wannan lissafi ba shi da tushe, domin ɓera ɗaya kan mutu da ɗan kaɗan, ɗan'uwansa ya sha ninkin haka ya tashi garau. Sai ya ce a nemi adadin da zai kashe rabin garken. Shi ne LD50, kuma ana faɗinsa da miligiram a kan kowane kilogiram na nauyin jiki. Iya ƙanƙantar lambar, iya zafin gubar.

Rigimar ta taso ne daga baya. Hukumomi sun ga lamba guda mai sauƙin rubutawa a fom, sai suka ɗora ta a kan komai, daga maganin ƙwari har kayan kwalliya, ana ɗura wa dabbobi da yawa guba don abu ɗaya. Masu kare tsarin suka ce ba a kasuwanci tsakanin ƙasashe sai da mudu ɗaya. Masu suka, cikinsu har da Gerhard Zbinden na Zurich a 1981, suka ce mudun kansa ba ya tsayuwa: jinsin ɓera, shekarunsa, abincinsa, duk suna sauya sakamako. A ganina masu sukar sun fi gaskiya, kuma laifin ba na Trevan ba ne. Shi ya ƙera ma'aunin daidaita ƙarfin magani, wasu suka mayar da shi takardar shaidar lafiya.

Hujjar masu sukar mafi nauyi ita ce thalidomide. An fara sayar da shi a Jamus a 1957 a matsayin maganin barci marar illa, don kuwa da ƙyar ake samun adadin da zai kashe ɓera. Mata masu laulayin ciki suka yi ta sha. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai kusan 10,000 da nakasar hannu da ƙafa.

A 1983 Dietrich Lorke ya fito da hanyar da dabbobi 13 suka isa, kuma ita ce ɗaliban kimiyyar magunguna a Zariya da Sakkwato ke yawan bi idan suna gwada saiwoyi da sassaƙen gargajiya. A 2002 ƙungiyar OECD ta soke tsohon gwajin daga ƙa'idojinta. Lambar dai ba ta mutu ba: rabe-raben haɗarin maganin ƙwari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 1975 a kanta ya ginu, daga nan launukan galan suka samo asali.

Mutanen Zamfara ta Yamma sun san iyakar wannan lissafi fiye da kowa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba kurɓa ɗaya ta kashe su ba. Kullum kaɗan-kaɗan take taruwa a jini, kuma da yawa cikin waɗanda suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Gwajin da ke ƙirga gawa cikin kwana 14 ba zai ga wannan ba.

Don haka, Malam, ka girmama jan layi, amma kada koren ya sa ka saki jiki. Ka sa takunkumi da safar hannu in za ka yi feshi, kada ka wanke famfon feshi a kwatar ruwan da jama'a ke ɗiba, kuma galan ɗin da ya ƙare a fasa shi, kada ya shiga gida a zuba masa ruwan sha ko man gyaɗa.