Daga Ƙofar Baya Zuwa Cike Fom: Shekara Sittin na Medicaid a Amurka

Ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya yi tattaki zuwa garin Independence na jihar Missouri domin ya rattaba hannu kan wata doka a gaban tsohon shugaba Harry Truman, wanda ya nemi kafa inshorar lafiya ta ƙasa shekara ashirin kafin nan, ƙungiyar likitoci ta taka masa birki. Dokar ta haifi tagwaye. Na farko Medicare, na tsofaffin da suka kai shekara 65, gwamnatin tarayya ce ke riƙe da shi, dokarsa ɗaya ce a ko'ina. Na biyu Medicaid, na talakawa, shi kuwa aka raba ɗawainiyarsa: tarayya ta biya aƙalla rabin kuɗin, jiha ta cika sauran, kuma jiha ce ke da ta cewa a kan yawancin waɗanda za su shiga. Ba a ma tilasta wa kowace jiha shiga ba. Arizona ba ta karɓa ba sai 1982. Tun daga ranar suna aka bambanta tagwayen nan, kuma kusan duk rigimar da ta biyo baya daga wannan bambanci ta samo asali.

Kafin wannan doka, baƙar fata a kudancin Amurka ta ƙofar baya yake shiga asibiti, idan ma an bar shi ya shiga. Dokar Hill-Burton ta 1946, wadda ta zuba kuɗin gwamnati wajen gina asibitoci, ta halatta a ware ɗakunan jinya bisa launin fata. Wani likitan haƙori baƙar fata a Greensboro, George Simkins, tare da abokan aikinsa da wasu majinyata, suka maka asibitoci biyu a kotu, kuma a 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Shekara ta zagayo aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariya a duk inda kuɗin tarayya ya shiga. Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. Abin da ya karya ƙofar shi ne kuɗin Medicare. An gaya wa asibitoci cewa daga 1 ga Yuli, 1966, duk wanda bai cire allunan wariya ya haɗa majinyata ɗaki ɗaya ba, ko sisi ba zai gani ba. Masu fafutuka da ma'aikatan asibiti baƙar fata suka riƙa tsegunta wa masu bincike inda ake yaudara. Cikin 'yan watanni dubban asibitoci suka sauya. A ganina babu wani lokaci a tarihin lafiyar Amurka da ya fi wannan nuna abin da kuɗin gwamnati zai iya yi idan an gindaya masa sharaɗin adalci.

A daidai wannan zamani ne likita Jack Geiger da abokansa suka buɗe cibiyoyin lafiya na unguwa, ɗaya a Columbia Point ta Boston, ɗaya a Mound Bayou ta Misisipi. A can Misisipi yaran da ake kawowa yunwa ce ciwonsu, sai likitocin suka riƙa rubuta abinci a takardar magani, a kai kanti a karɓa, cibiya ta biya. Suka haƙa rijiyoyi, suka kafa gonar haɗin gwiwa. Daga irin wannan aiki ne maganar daidaito a harkar lafiya ta yi jijiya: ba a auna adalci da buɗe ƙofar asibiti kawai, sai an duba wa ke mutuwa da wuri, kuma me ya sa.

Medicaid dai ya taso a ɗaure da tallafin kuɗi na marasa galihu, saboda haka magidanci marar lafiya da ba shi da ƙananan yara, komai talaucinsa, ba ya ciki. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta rage kason tarayya, ta tsananta sharuɗɗan tallafi, iyalai masu ƙaramin albashi da dama suka faɗo. Duk da haka, a cikin shekarun nan ne 'yan majalisa irin su Henry Waxman suka riƙa faɗaɗa shirin sannu a hankali, yau mata masu juna biyu, gobe jarirai, jibi yara 'yan makaranta. Wani rahoto na 1985, wanda ake kira rahoton Heckler, ya sa gwamnati da bakinta ta amsa cewa baƙar fata na mutuwa fiye da kima. A 1997 aka ƙara shirin inshorar yara. Da haka shirin da aka raina ya zama mai biyan kuɗin haihuwa kusan huɗu cikin goma a ƙasar, da kuɗin kula da fiye da rabin tsofaffin da ke gidajen jinya.

Babban tsalle ya zo a 2010 da dokar lafiya ta Barack Obama, wadda ta ce duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, ya cancanci shiga, tarayya kuma za ta ɗauki dukkan nauyin da farko, daga baya ta tsaya a kashi 90. Sai Kotun Ƙoli a 2012 ta ce ba za a tilasta wa jihohi ba. Tsohon raunin 1965 ya sake buɗewa. Jihohin da suka ƙi, yawancinsu na kudu ne, inda baƙar fata suka fi yawa. Mutum biyu masu ciwon suga iri ɗaya da albashi iri ɗaya, ɗaya na ganin likita, ɗaya na jiran ciwo ya kai shi ɗakin gaggawa, don kawai iyakar jiha ta ratsa tsakaninsu.

Nan masu fafutuka suka sauya dabara. Inda gwamna da majalisar jiha suka toshe kunne, sai suka bi gida gida suna tara sa hannu don a yi ƙuri'ar raba gardama. Maine ta amince a 2017, Idaho da Nebraska da Utah a 2018, Oklahoma da Missouri a 2020, Dakota ta Kudu a 2022. Yawancin waɗannan jihohi 'yan Republican suke zaɓa, kuma wannan ya isa ya nuna cewa talakan karkara farar fata ya san amfanin shirin kamar kowa. Ko bayan ƙuri'a ba a huta ba: gwamnan Maine ya ƙi aiwatarwa har ya sauka, a Missouri kuma sai da kotun ƙolin jihar ta sa baki a 2021. Jihohi 40 da birnin Washington sun faɗaɗa; goma, ciki har da Texas da Florida, sun ƙi.

A 2017 aka yunƙura a rushe dokar Obama tare da sa wa kuɗin Medicaid iyaka. Waɗanda suka fi tsayawa kai da fata su ne naƙasassu 'yan ƙungiyar ADAPT. Sun san kulawar gida, wato mai zuwa ya ɗaga ka ya yi maka wanka ya ba ka abinci, ba dole ba ce a kan jihohi, don haka ita ake fara yankewa idan kuɗi ya ja baya, daga nan sai gidan jinya. Suka sauko daga kekunansu suka kwanta a ƙofar ofishin Sanata Mitch McConnell, 'yan sanda suka riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara. A ƙarshen Yuli John McCain da Susan Collins da Lisa Murkowski suka ƙi bin jam'iyyarsu, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 51 da 49.

Masu son ragi sun ɗauki darasi: kada ka ce ka kori kowa, ka dai ba shi fom. A 2018 Arkansas ta ce sai mutum ya riƙa kai rahoton awannin aikinsa duk wata, da farko ta intanet kaɗai, a jihar da ƙauyuka da yawa ba su da intanet mai kyau. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 18,000 suka rasa inshora kafin alƙalin tarayya ya dakatar da tsarin a Maris 2019. Binciken masana na jami'ar Harvard ya gano aikin yi bai ƙaru ba, kuma mafi yawan waɗanda dokar ta shafa dama suna aiki ko suna da uzurin da doka ta yarda da shi. Haka aka sake gani bayan korona: da aka dawo da tantancewa a Afrilu 2023, an cire fiye da mutum miliyan 25, kusan bakwai cikin goma saboda takarda kawai, wasiƙar da ta je tsohon adireshi ko wa'adin da ya wuce. Wanda ke aikin dare, da wanda ba ya jin Turanci, da mai ciwon da ya hana shi natsuwa, su ne ke faɗuwa a wannan rariya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake kiran wannan yaƙi da almundahana, alhali mai gaskiya ne ke rasa maganinsa.

Dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025, ta mai da gwajin Arkansas dokar ƙasa. Ta tsallake Majalisar Dattawa ne da ƙuri'ar mataimakin shugaban ƙasa bayan an yi kunnen doki 50 da 50, Majalisar Wakilai kuma da 218 da 214. Manyan da suka shiga ta hanyar faɗaɗawar 2010 sai sun nuna awa 80 na aiki ko karatu ko hidimar al'umma a wata, a sake tantance su duk wata shida, an kuma taƙaita hanyoyin da jihohi ke tara kasonsu. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta ragin fiye da dala biliyan 900 a shekara goma, da ƙarin mutum miliyan 10 marasa inshora nan da 2034. An ware dala biliyan 50 don lafiyar karkara, wanda bai kama ƙafar abin da aka cire ba. Duk wannan a ƙasar da mace baƙar fata ke fuskantar haɗarin mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku na farar fata.

Sharaɗin aikin zai fara aiki a farkon 2027, kuma jihohi ne za su tsara yadda za a tantance. Can fafutukar ta koma: a matsa wa jiha ta duba bayanan albashin da ke hannunta kafin ta nemi takarda daga majinyaci, a aika sanarwa da harshen da mutum ke ji, a sa ma'aikata a cibiyoyin lafiya na unguwa su zauna da mutane su cike fom, lauyoyin talakawa kuma su shirya ɗaukaka ƙara kan duk wanda aka cire bisa kuskure.