Tafintan Na'ura: Asalin FORTRAN

A shekarar 1954 ne John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM a Amurka suka duƙufa ga ƙirƙiro FORTRAN, watau harshen da wani tsari mai aikin tafinta zai riƙa juyawa zuwa umurnin kwamfutar IBM 704. Gwanayen rubuta umurni da hannu ba su gaskata ba, domin tsare-tsaren baya sukan rage saurin na'ura ƙwarai, lokacinta kuwa tsada gare shi. Don haka galibin wahalarsu Backus a kan tafintan ta ƙare. Da ya fito a 1957, fassararsa ta kusa kamo ta gwanayen wajen sauri. Harsunan da suka biyo baya, irin su ALGOL da C, da FORTRAN aka riƙa auna su a fagen lissafin kimiyya.