Zaure da Aji: Ilimi, Addini da Mulki a Birnin Sakkwato, 1903 zuwa 1997

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ilimin zaure na birnin Sakkwato ya ratsa ƙarni na 20, daga zuwan Turawa har rasuwar Waziri Junaidu. Hujjarta ita ce, faɗuwar birnin a 1903 ba ta karya wannan ilimi ba. Abin da ya sauya matsayinsa shi ne raba shi da aka yi sannu a hankali da aikin hukuma: rubutun ofis, alƙalanci, sannan takardar shaida. An dogara ga gidan Wazirin Sakkwato wajen nuna yadda aka yi.

Shawarar Waziri Buhari

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan gajeren faɗa a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da ragowar mutanen har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Wannan ɓangare na labarin kowa ya san shi, mawaƙa da malaman tarihi sun ba shi haƙƙinsa.

Wanda ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wanda ya dawo. Waziri Muhammadu Buhari, jikan Giɗaɗo ɗan Laima da Nana Asma'u, ya fita gari tare da jama'a, ya yi shawara da malaman da ke tare da shi, sannan ya juyo ya yi sulhu. Abin bai kwanta masa a rai ba, shi ya sa ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa: idan kowa ya yi hijira ƙasar za ta wofinta daga Musulmi, kuma shari'a ta yarda a yi mu'amalar zahiri da mai rinjaye saboda tsoron cuta, muddin bai hana salla da azumi da sauran ibada ba. Lugga ya yi alkawarin ba zai sa hannu a addini ba, aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba Sarkin Musulmi. Bayan shekara 3, da mutanen Satiru suka yi tawaye da sunan Mahadi suka kashe jami'an Turawa, fadar Sarkin Musulmi bayan Turawa ta bi, aka rushe garin ƙurmus.

Ko me mutum zai ce game da wannan zaɓi, shi ne ya tsara zaman da aka yi na shekara 57: iko na ƙarshe a hannun Razdan, littattafai da kotunan alƙalai da masallatai a hannun 'yan gida. Ba a ƙone ɗakin karatun kowa ba. Almajiri ya ci gaba da tashi daga allo zuwa Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, mai himma ya kai Muhtasar, kamar yadda kakansa ya yi.

Ƙofar boko

Tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a Kano a 1909, Razdan Burdon ya gwada ƙaramar makaranta a Sakkwato domin 'ya'yan sarakuna. Manufar ba a ɓoye take ba. Ana neman malaman haraji, magatakarda da hakiman da za su iya karanta takardar ofis, ba a neman ilmantar da talaka. Da aka mayar da rubutun hukuma zuwa haruffan boko, malamin da ya ƙware a Larabci da ajami ya wayi gari ba ya iya karanta rasidin jangalinsa. A nan ne ilimin zaure ya fara rasa aikinsa na farko.

Ƙofar ƙunci gare ta, amma waɗanda suka shiga sun yi nisa. Ahmadu Bello ya tashi daga makarantar lardi ta Sakkwato zuwa Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil daga 1931 zuwa 1934 kafin a ba shi hakimcin Raba. Shehu Shagari ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo malamin kimiyya, kuma a shekarun koyarwarsa ne ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su haddace labarin ƙasa da baka, dabarar da ya gada daga malaman jihadi. Makaranta guda ta fitar da Firimiya da Shugaban Ƙasa, alhali dubban ƙauyukan lardin ba su taɓa ganin allon bango ba. Laifin ba na Turawa kaɗai ba ne. Baitulmalin En'e ne ke gina makarantu, kuma hakimai da yawa sun fi son tura ɗan bara a madadin ɗan cikinsu.

'Yan mishan kuwa an tsare musu hanya. Sai a shekarun 1930 aka bar su suka kama aikin jinyar kutare, kamar a Amanawa kusa da birni, kuma cocin Katolika bai samu yankin Sakkwato na kansa ba sai 1953. Saboda haka hanyar da ta cika kudancin Nijeriya da makarantu ba ta biyo ta nan ba.

Waziri Junaidu

An haifi Junaidu a 1906, mahaifinsa Waziri Buhari ya rasu yana ɗan shekara 4. A unguwar Giɗaɗawa ya yi karatu gaban malaman zaure, bai zauna a benci a matsayin ɗalibi ba, amma a gaban benci ya yi aikinsa na farko: ya koyar da Larabci da addini a makarantun hukuma, ya riƙe makarantar horar da alƙalai, sannan a 1948 ya gaji yayansa Abbas a sarautar Waziri. Ya yi kusan shekara 50 a kanta, 40 daga ciki tare da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988.

Aikinsa babba shi ne tattarawa. Wasiƙun da sarakunan Kano da Zazzau da Adamawa suka riƙa aiko wa wazirai a ƙarni na 19, da littattafan Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Bello, da waƙoƙin Asma'u cikin Fillanci da Hausa da Larabci, duk ya adana su, ya sa aka kwafe, ya neme su a inda suka warwatsu. Ya rubuta tarihin daular da Larabci a Dabɗul Multaƙaɗat, ya fitar da Tarihin Fulani da Hausar boko domin waɗanda ba su jin Larabci, ya tsara nahawun Fillanci, ya rubuta labaran tafiye-tafiyensa zuwa ƙasashen Larabawa da Agadas. Ba mai ƙin zamani ba ne, kuma ba mai ruɗuwa da shi ba.

A farkon shekarun 1960 wani matashi Bature, Murray Last, ɗalibin Abdullahi Smith a Jami'ar Ibadan, ya zo ya zauna a gabansa kamar kowane almajiri. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1967 ya juya yadda ake rubuta tarihin Arewa, domin ya bar rahotannin Razdan ya koma ga takardun 'yan gida. Mai lura zai ga cewa rabin littafin tarihin ofishin Waziri ne. Ba abin mamaki ba ne, kuma gargaɗi ne ga mai bincike: abin da duniya ta sani game da daular Usmaniyya ta tagar Giɗaɗawa ta hango shi, ba ta tagar Gobirawa ko Kabawa ko bayin rinji ba.

Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, bai tsaya ga godiya ba. Ya gaya wa masu sauraro cewa jami'o'in ƙasar nan dashe ne daga wata al'ada, ba su da saiwa a cikin jama'ar da ke ciyar da su, kuma sun yi watsi da malaman da jama'a ke zuwa wurinsu kullum. Maganar ta yi ta yawo a bakin malaman jami'a shekaru da yawa. Aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Rigima a cikin gida

Kada a ɗauka zaman lafiya aka yi ta yi. Sakkwato gidan Ƙadiriyya ne, kuma da Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas ta bazu ta hanyar Kano, tana tafe da ƙabalu da wazifa da 'yan kasuwar bakin layin dogo, fada ta ɗauke ta a matsayin ƙalubale ga ikonta. A 1949 aka rushe wasu masallatan Tijjanawa a yankin Gusau da Ƙauran Namoda, a 1956 aka yi arangama a gabashin lardin, inda rigimar ɗariƙa ta cakuɗe da ta NEPU da NPC har ba a iya raba su.

Ƙalubale na biyu daga cikin ajin boko ya fito. Abubakar Mahmud Gumi ɗan alƙali ne, ya yi Midil ta Sakkwato, ya yi makarantar shari'a ta Kano wadda malaman Sudan suka riƙe, daga baya ya je Sudan ɗin kanta. Yana koyarwa a Maru ya soki limamin garin a kan yin taimama maimakon alwala, magana ta kai gaban Sarkin Musulmi. Ƙaramar mas'ala ce ta fiƙihu, amma sabon abu ne matashi mai takardar makaranta ya ja da limamin da sarauta ta naɗa, yana kafa hujja da littafi kai tsaye. Gumi ne ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna. An ba Sarkin Musulmi shugabancinta, sai dai ofis da kuɗi da rediyo duk a Kaduna suke. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, masu wa'azinta suka riƙa kafa hujja da littattafan Shehu Usmanu a kan bidi'a, 'yan ɗariƙa su ma suna kafa hujja da Ƙadirancinsa. Kowa na jan Shehu wajensa.

Tsakanin haka aka zare aiki na biyu daga hannun zaure. Dokar laifuka ta 1960 ta rage hurumin fiƙihun Malikiyya, sannan bayan kashe Sardauna Ahmadu Bello a 1966 da ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta karɓe na alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga En'e. Daga nan alƙali ya zama ma'aikacin gwamnati mai buƙatar takarda. Ijazar malam ba ta shiga fayil.

Masu hangen nesa sun ga haka tun da wuri. A shekarun 1960 Marafan Sakkwato Ahmadu Ɗanbaba ya kafa makarantar Nizamiyya, inda aka haɗa Alƙur'ani da fiƙihu da lissafi da Ingilishi a aji guda, aka kuma buɗe kwalejin malaman Larabci wadda daga baya ta zama Kwalejin Sarkin Musulmi Abubakar. Wannan tsari na Islamiyya, ba shirin firamare kyauta na 1976 ba, shi ne ya fi sanyaya zuciyar iyaye game da aji.

Jami'a da matan Hubbare

A 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ya fara riƙe ta, masanin tarihi Mahdi Adamu ya biyo baya, a 1988 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo. A shekarar kafuwarta aka yi babban taron tarihin daular a birnin, wanda Yusufu Bala Usman ya tace takardunsa suka fito a 1979. Ɗalibai suka riƙa ɗaukar littafin Shehu ko na Bello su yi masa tahƙiƙi da tarjama su samu digiri. Haka aka yi wa waƙoƙin fada na Salihu Jankiɗi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, aka kwashe su daga faifai da kaset zuwa kundi. Ribar a fili take, domin abubuwa da yawa da gara za ta ci sun tsira. Amma littafin da aka rubuta domin a yi hukunci da shi ya koma abin da ake yin jarrabawa a kansa.

Inda hukuma ta fi yin sakaci shi ne wajen mata. An buɗe wa 'yan mata makaranta a Sakkwato a shekarun 1930, da cibiyar horar da malamai mata a 1939, ƙarƙashin Turawa mata, da 'yan ɗalibai ƙalilan waɗanda aure ke ɗaukewa kafin su gama. Alhali a cikin garin akwai tsarin da ya girmi makarantar da kusan shekara 100. 'Yan taru, waɗanda Nana Asma'u ta kafa, ƙanwarta Maryamu ta gada, daga baya Ta Modi ta riƙe, ba su daina zuwa ba: jaji da malfarta a ka tana jagorantar matan ƙauye zuwa Hubbaren Shehu, su kawo sadaka, su koyi waƙoƙin tauhidi da tsarki da tarihin Annabi, su koma su koyar. Tsofaffi ne da 'yan matan da ba su yi aure ba ke yin tafiyar, don haka ba ta ci karo da kulle ba. Ba jami'in ilimi na Turawa ko na jiha da ya gina shirinsa a kan wannan hanya, ko da a lokacin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, sa'ad da ake buga jaridar Zaruma domin sababbin masu karatu na lardin.

Jean Boyd, malamar makaranta da ta daɗe a Sakkwato, ita ce ta bi sawun 'yan taru ta kuma zauna da takardun gidan Waziri. Tarihin Asma'u da ta rubuta ya fito a 1989. Cikakken tarin ayyukanta, wanda suka shirya da Beverly Mack, ya fito a 1997, shekarar da Waziri Junaidu ya rasu, shekara guda bayan gwamnatin Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki. A Amurka aka buga littafin, da tarjama da sharhi cikin Ingilishi, kuma ɗaliban jami'a ne suka fi amfana da shi, ba matan da ke rera waƙoƙin a hanyar Hubbare ba.